Kwanon Shinkafar Maame

Har gobe ba zan manta da ranar da na ajiye makullin sito a kan tebur ba. Ku da kuka shigo dako a bayanmu, ga yadda aka yi.

A lokacin ni ne shugaban 'yan dako a wani siton shinkafa da mai kusa da babbar kasuwar Kejetia. Shugaba shi ke riƙe makulli, shi ke tsayawa idan mota ta zo, shi ke cewa a jera wannan nan, wancan can. Mai siton wata dattijuwa ce Ba'asantiya, Kirista, muna ce mata Maame Adwoa. Lokacin da mijinta ya rasu tana haya a Zongo, unguwarmu ta Musulmi, matan gidan ne suka ciyar da ita da 'ya'yanta har ta miƙe. Daga baya ta tsaya a cocinsu ta yi alkawari: duk shekara, buhuna goma na farko da za su sauko daga motar Bronya, wato Kirsimeti, na matan Zongo ne da suka rasa mazajensu, ba tambayar masallaci ko coci.

Ga yadda ake yi. Buhun da ya sauko sai in ɗaura masa jan ƙyalle a kunne. Sannan in huda kowanne da ƙarfe in tsiyayo kaɗan cikin wani kwano, in kai mata gida a unguwar Manhyia. Da wannan take dafa abincinta na ranar Bronya. Takan ce, "Abin da za su ci, shi zan ci."

A shekarar da nake ba ku labari ciwo ya shanye mata ɓarin jiki, sai ɗanta Kwabena ya dawo daga Accra ya karɓi sito. Saura kwana biyar Bronya mota ta iso da hantsi. Na ɗaura ƙyalle a buhuna goma kamar kullum. Ya fito daga ofis ya kira ni da Wofa, wato kawu a yarensu.

"Wofa Sa'idu, kwance waɗannan. Kai ƙyallen kan na lungu."

Na lungu buhuna ne da rufi ya yi wa yoyo tun damina. Sun yi ƙwari, suna warin fumfuna.

Na ce, "Manaja, ko kaji sai sun yi shawara kafin su ci waccan."

Ya ce, "A wanke a shanya. Wanda aka ba kyauta ba ya zaɓe. Ka san yadda shinkafa ta yi tsada bana? Kuma wai kai ina ruwanka da alkawarin coci, Malam? Ko ka fara zuwa ne ban sani ba?"

Sauran 'yan dako suka yi dariya, ni ma na yi. Na ce, "Ban fara ba. Amma a kaina alkawarin nan yake shiga Zongo kowace shekara. Matan nan fuskata suka sani, ba taka ba."

Ya ce umarni ne. Ni mutum ne da ba na ɗaga murya. Na ɗauko ƙarfe da kwano na shiga lungu, na huda buhunan nan, na cika kwanon, ƙwari na yawo a kai. Na ajiye a gabansa na gaya masa al'adar kwanon, domin bai santa ba, yana Accra duk shekarun nan.

Ya dubi kwanon. Can ya ce, "To, zubar. Ɗebo wa Maame daga masu kyau, waɗancan kuma su tafi Zongo. Wa zai gaya mata?"

Na ce, "Ba wanda zai gaya mata. Amma ba da hannuna ba."

"To ajiye makulli."

Ina da mata da 'ya'ya huɗu, kuma ana gab da hutu, lokacin da ba wanda ke ɗaukar sabon ma'aikaci. Duk na san wannan. Na ajiye makullin kusa da kwanon, na ɗauki gammona na fita. Ban je Manhyia kai ƙara ba, ba a ɗora wa mara lafiya irin wannan.

Kwana uku ina tashar motar Sofoline ina tsintar dako a bakin hanya. Matata ta ce, "Kai da shinkafar Kiristoci!" Na ce mata ai wadda za ta fara ci ita ce Inna Hajara da ke bayan gidanmu.

Jajibirin Bronya da safe sai ga Kwabena a ƙofar gidana. Ashe ya kai kwanon shinkafa mai kyau da kansa. Maame ta dube shi, da bakinta da ya karkace ta ce, "Sa'idu fa?" Ya ce ina da aiki. Ta juya fuska bango, ta ce ba za a ɗora tukunya ba sai wanda ya saba hudawa ya kawo.

Bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban nema ba. Ya miƙo makulli ya ce, "Mu je." Na ce sai dai buhunan farko, kuma a gabansa. Muka je, na mayar da jan ƙyalle inda yake, na huda, muka loda a aboboya, keken nan mai ƙafa uku. Muka bi gida goma, shi yana tsaye a kowace ƙofa tsofaffi na sa masa albarkar da bai san inda zai ajiye ta ba. Daga nan na kai kwanon. Maame ta sa hannunta mai lafiya a ciki, ta shinshina, ta gyaɗa kai.

Ba ta kai wata Bronyar ba. Wata biyu da binne ta Kwabena ya sallame ni, ya ce an rage ma'aikata. Ni kaɗai aka rage. Ko yau aka maimaita, haka zan yi.

Abin da na koya shi ne, mai bayarwa yakan yi alkawari a coci ko a masallaci, amma a kan ɗan dako yake isa ƙofar mutane. Za a ce muku ku dai ɗauka, ba ruwanku da abin da ke ciki. Kada ku yarda. Kafin ka ɗora buhu a kai, ka tambayi kanka ko za ka kai wa uwarka kwano daga cikinsa.