Na Hana Kaina Ruwa, Yanzu Likita Ke Auna Mini Shi

Edita, ina gaisuwa. A buga wannan yadda na rubuto shi, kada a sa sunana.

A lokacin da abin ya faru ni direba ne a gidan wani Balarabe a unguwar Abhur ta Jidda, shekara goma sha ɗaya ina riƙe da motarsa ko ƙwarzane ban taɓa yi mata ba. Karatuna bai wuce firamare ba, amma ni mutum ne mai tsari, komai nawa da lokacinsa, kuma ba na son a maimaita mini magana. Iyalina suna unguwar Waziriyya, nakan je musu ran Alhamis. Abu guda nake ɓoyewa, ciwon suga. Matata kaɗai ta sani, don ina tsoron ranar da kafilina, wato Balaraben da nake zaune a ƙasar da sunansa, ya ji zai ce halas, shi ke nan, ya nemi wani direba.

Mafarin abin ciwon baya ne. Sau uku a mako nakan kai matar kafilina wajen motsa jikin da ake kira yoga. Mijin malamarsu, wani dattijo Ba'indiye, shi ke koyar da maza. Ya ga ina fitowa daga mota dafe da ƙugu, ya kira ni ya nuna mini yadda zan miƙe jiki da yadda zan ja numfashi. Cikin wata biyu bayana ya saki. Sai ya gaya mini cewa suna haɗawa da azumi sau biyu a wata, yini da kwana ba abinci mai nauyi, sai 'ya'yan itace kaɗan da ruwa mai yawa. Sau biyu ya tambaye ni ko ina da wata cuta, na ce lafiyata lau. Kuskurena na farko ke nan.

Na biyu raini ne. Na ce a raina, ni da nake azumin Ramadan a zafin Jidda ina tuƙi, wa zai koya mini azumi da gorar ruwa a hannu? Wannan ai na yara ne. Na cire ruwan, na cire 'ya'yan itacen. Na uku ƙari ne. Na kafa kalanda a bango ina zana ranaku, yini da kwana ya zama kwana biyu, kwana biyu ya zama uku. Maganin suga ma na daina sha a ranakun, tunda ba ruwan haɗiye shi.

Ba zan ce ba a gargaɗe ni ba. Matata ta ce na bushe kamar kilishi. Ta ce ko azumin farilla yana da sahur da buɗa-baki, in wannan na Allah ne in nuna mata malamin da ya ce a haɗa kwana uku, in kuwa na Ba'indiye ne in koma in tambaye shi. Na daka mata tsawa na ce ta tsaya a kan tukunyarta. Dattijon ma ya dubi leɓɓana ya tambaya ko ina shan ruwa, na ɗaga masa gorar da nake yawo da ita don a gani.

Rana ta uku ta wani azumi, bayan azahar, na ajiye matar kafilina a ƙofar kanti, na zagaya in buɗe but ɗin motar, sai na farka a asibiti. Likitan Bahaushen Sudan ne, da Hausa ya yi mini faɗa. Ya ce suga ya daɗe yana cin ƙodojina, ni kuma na ƙarasa su da ƙishirwa. Ya ce mini Alhaji, raƙumi ma ai yakan tsaya ya sha. Kafilina ya zo dubiya bai ɗaga murya ba, ya dai tambaye ni da a kan sitiyari na faɗi da matarsa a baya fa. Ya ce zai riƙe ni har iƙamata, takardar izinin zamana, ta ƙare, amma ba zai sabunta ba.

Yanzu sau uku a mako ake yi mini wankin ƙoda. Saura wata huɗu iƙamar ta ƙare, a garinmu kuwa ba injin wanki, sai an yi tafiyar rabin yini. Matata ba ta taɓa cewa ai na gaya maka ba, da ta faɗa ma da ya fi mini sauƙi. Ban ga hanya ba, sai abin da Allah ya yi.

Ga abin da na koya. Na farko, kada ka ɓoye cuta ga mai tambayarka don lafiyarka. Na biyu, abin da aka ba ka da ma'auni kada ka ƙara. Laifin ba na dattijon ba ne, shi cewa ya yi in sha ruwa. Yau ƙaramar gora ɗaya likita ya yarje mini daga safe zuwa safe. Matata ke riƙe da ita, in na roƙa ta zuba mini a murfi.