Ranar da Rabin Maki Ya Ɗaure Fuska

A zauren duba takardun jarrabawa Rabin Maki ake ce masa, kuma shi da bakinsa ya ce sunan bai zalunce shi ba. Akanta ne a wani kamfanin sabulu, shekara ashirin da shida a kujera ɗaya. Jarrabawar zama cikakken akanta kuwa sai a zama na biyar ya ci, furfura ta riga ta fara leƙowa. In yana ba da labarin, yakan ce ba ilimi ne ya fid da shi ba, masu dubawa ne suka gaji da ganin rubutunsa.

Wannan bawan Allah hukumar jarrabawar ta ɗauka ya riƙa duba amsoshin wasu, sau biyu a shekara. Yana son aikin nan so mai ban kunya. Ranar farawa yakan goge takalmi, ya jera jan biro uku a aljihun gaba, ya ratsa tsakar gida yana gyaran murya, wai ko matarsa za ta lura. A kamfani shi mai lissafin sabulu ne kawai. A zauren nan kuwa har miƙe masa ake yi.

Aikin yana da tsari. Ba suna a kan takarda, sai lamba. Kowa da jagorar maki a gabansa: wannan mataki maki biyu, wancan ɗaya. Sannan a cikin kowane ƙunshi ana ɓoye takardar tarko, wadda manya suka riga suka duba suka tsayar da makinta. Makinka ya yi nesa da nasu, gargaɗi. Gargaɗi uku, ka tattara bironka.

Matsalarsa ɗaya ce, hannunsa ba ya iya rubuta sifili. Ɗalibi ya rubuta kan magana ya ja layi da rula, rabin maki. Ya fara daidai ya ɓace a hanya, rabin maki, har da ɗan tsaki na tausayi.

Shugabar teburinsu yarinya ce da shi ya koya wa aiki a kamfanin sabulu. Ran Talata ta ja shi gefe, kusa da tulun ruwa.

"Baba, gargaɗi biyu ke nan fa. Don Allah kada ka sa ni yin abin da ba na so."

"Haba 'yata, rabi-rabi ne kawai."

"Rabi goma sha biyu maki shida ne, Baba. Kai ka koya mini lissafi."

Ya ji tsoro ƙwarai, ba ya ɓoyewa. Washegari ya shigo fuska a murtuke, ko gaisuwar kirki bai yi ba. Wajen hantsi ya buɗe wata takarda a kan lissafin harajin kamfani. Tun a layin farko mai takardar ya kwafi adadi ba daidai ba, don haka duk abin da ya biyo baya ya saɓa wa jagora. Amma hanyar da ya bi, mataki bayan mataki, ba ta da aibi.

Akwai ƙa'ida a kan wannan, kuma Rabin Maki ya san ta kamar sunansa: kuskure sau ɗaya ake hukunta shi. In mutum ya ɗauki adadinsa na kuskure ya yi aiki da shi yadda ya kamata, ana ba shi makin hanya. Amma da ya ji zuciyarsa ta karkata ga mai takardar, sai ya ce a ransa, "Ga shi nan, halin nan ne ya dawo." Ya dafe biro, ya jera sifili kusan har ƙasa, ya ba da uku cikin ashirin. Har ya ɗan ji kansa ya yi girma.

Bayan abincin rana Shugaba ta zo da takardar a hannu. Ta tarko ce. Manya sun ba ta goma sha bakwai.

Ya daɗe yana kallon sifilansa. Abin da ya fara tambaya ba kujerarsa ba ce.

"Mai takardar fa?"

"Kwafi ne, Baba. Tasa ta gaske an gama da ita, ya ci."

"To sauran da na duba yau?"

"Duk za a sake duba su."

"A fara da su, don Allah," in ji shi. Kunya ta rufe shi, amma wani nauyi ya sauka daga ƙirjinsa. Ya miƙa ƙunshin, ya gaisa da kowa ɗaya bayan ɗaya, gaisuwar da ya hana su da safe.

Tun kafin la'asar ya isa gida. Matarsa tana shanya, ta dube shi ta dubi inuwa.

"Malam, lafiya da wuri haka?"

"An sallame ni."

"Ai na faɗa maka tausayin nan naka..."

"Saboda mugunta," in ji shi.

Ta yi dariya har ta zauna a kan bokiti. Shi ma ya taya ta, sannan ya shiga ɗaki ya turo ƙofa, don idonsa ya cika.