Fingin Gwaggo

Ba a daɗe da yaye ni ba aka kai ni Tsauni wurin Gwaggo, yayar mahaifina, wadda Allah bai ba ta haihuwa ba. Ita ta goya ni, ita ta riƙe ni har ta aurar da ni. Mahaifiyata tana nan da ranta a Dawce, nakan je gaishe ta da salla, kuma ita nake kira Inna. Wadda ta goya ni kuwa Gwaggo nake ce mata, don haka na tashi na ji kowa yana faɗa.

Faransa na mulki aka kawo ni Matameye gidan mijina, tela ne mai keken ɗinki a bakin kasuwa. Gidan ɗaki biyu ne da rumbu da danga, tsakar gida fayau. Ranar kasuwa ta farko bayan tarewata Gwaggo ta zo, ta tsaya tana dube-dube.

"Ke, wane irin gida ne wannan, ko kashin kaza babu? Tsabar da ke zuba in kina bakace, wa ke tsince ta? Ɗauko mayafinki."

Masu sayar da kaji suna can kasuwa ƙarƙashin wata tsamiya, an ɗaure kajin ƙafa-ƙafa an jera. Akwai wake-wake masu ɗigon fari da baƙi, akwai durgu masu gajerun ƙafafu, akwai masu wuya tsirara da ban ko son kallo. Gwaggo ba ta sayen kaza da ido. Sai ta ɗaga ta ta ji nauyi, ta hura gashin ƙarƙashin fiffike ta ga ko da ƙuma, ta buɗe baki ta leƙa. Na nuna wata fara tas, ta ce shirwa tun daga sama za ta riƙa hango 'ya'yanta. Na nuna wata, ta ce ta tsufa. Raina ya fara ɓaci, don ni tun ina ƙarama ba ni da haƙurin a yi ta ce mini a'a.

Sai na hango wani ɗan kasuwa da ya sauko daga kamyo, babbar motar kaya, ya zo da kaya daga wajen Kano. A kejinsa akwai kajin Turawa, jajaye, manya-manya, zakaran ya kusa kai gwiwata. Nan take na ce su nake so.

Gwaggo ta tambaye shi, "Malam, suna kwanci?"

Ya ce, "Hajiya, ƙwai dai sai kun gaji da tsinta."

"Ban je Makka ba tukuna, kuma ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

Na kafe. Ta dube ni, ta ce gidana ne, ni zan share kashinsu. Muka dawo da sagara biyu da zakara ɗaya, ina tafe ina jin kowa na kallona.

Kasuwa ta zagayo sai ga Gwaggo da kwando a ka. Ta buɗe, wata 'yar kaza ta faɗo, fingi, irin mai gashin nan da ke tashi tsaye yana lanƙwashewa gaba. Toka-toka ce, ba ta kai rabin nawa ba. Maigidana ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce wannan baibai ta sa rigarta, a kawo ya juya mata. Ni kunya ma na ji maƙwabta su gan ta kusa da jajayena. Gwaggo ta ce, "Aro ne na ba ki. Ki bar ta ta yi yawonta."

Ɗan kasuwan bai yi ƙarya ba. Jajayen suka yi ta ƙwai, manya, matan unguwa na shigowa su gani. Amma inda ƙwan ya matse su nan suke ajiye shi, ko bakin murhu ko gindin randa, su kakkaɓe su yi gaba ko waiwaye babu. Ina tsincewa ina tarawa a ƙwarya, ina jiran ranar da ɗaya za ta zauna.

Da bazara ta yi tsanani zakaran ya fara haki, baki buɗe, fiffike a ƙasa. Na jiƙa masa yashi, na sa shi inuwar rumbu, duk a banza, ya mutu. Bayansa kaza ɗaya ta bi. Abin da ya rage mini daga irin nan shi ne kaza guda da ƙwan da ke cikin ƙwarya, wanda aka yi zakaran na da rai. In bai ƙyanƙyashe ba, shi ke nan, kuma a wannan zafi ƙwai ba ya jira. Na kama kazar na danna ta a kansu na kife da kwando. Ta yi ta ihu har ta fasa ɗaya. Na zauna na yi kuka, rabi baƙin ciki rabi haushi, sannan na ba masu tallar nono saƙo zuwa Tsauni.

Washegari Gwaggo ta iso da rana tsaka, a ƙafa, leɓenta ya bushe. Ba ta ce ai na gaya miki ba. Ta sha ruwa ta tambaya ina fingi. Sai a lokacin na tuna kwana biyu ban gan ta ba. Muka same ta bayan rumbu cikin wata fasasshiyar tukunya, ta fara kwanci a kan 'yan ƙwanta.

Gwaggo ta ɗauki manyan ƙwan ɗaya-ɗaya, ta dunƙule hannu tana leƙa su ta hasken rana, ta ware na kirki daidai waɗanda fingi za ta iya rufewa, ta shafa musu gawayi don a san su. Da magariba ta ɗaga kazar a hankali, ta kwashe nata ƙwan, ta zuba yashi mai laima, ta jera baƙin. Na fingi kuwa ta ce a dafa wa maigidana.

Na ce, "Gwaggo, ba za ta gane ba nata ba ne?"

"Ta gane mana. Kina tsammani ba ta san girman ƙwanta ba? Zama dai za ta yi."

Ta kuwa zauna. Ta rame har ƙashin ƙirjinta ya fito, sau ɗaya take sauka a yini ta sha ruwa ta koma da gudu. In na miƙa hannu ta sare ni. Bayan ruwan farko na ji 'yar ƙara daga tukunyar, na ɗaga ta na ga tsaki sun fito, jaja-jaja da su. Na yi guɗa ni kaɗai a tsakar gida har maƙwabciyata ta leƙo ta danga ta ce wa ya haihu.

Na ga fingi ta tasam ma shirwa, gashinta ya ƙara tashi, har shirwar ta haƙura. Tsakin suka yi ta girma har suka daina shiga ƙarƙashinta, in sun kutsa sai su ɗaga ta sama. Maigidana ya daina yi mata dariya, ya fara kawo mata dusa da hannunsa. Kajin da nake kiwo har yau daga waɗannan tsaki suka fito, kuma ban taɓa cin ƙwansu na manta ta inda suka zo ba.

Wata rana gab da kaka ina daka, fingi ta tono gara a gindin danga. Ta tsaya tana kiran nan da kaza ke yi wa 'ya'yanta. Su kuwa sun zama 'yan mata, suna can suna kiwonsu, ba wanda ya juyo. Ta ɗauki garar ta ajiye, ta sake kira. Na jingine taɓarya. Tun da aka kawo ni Matameye Gwaggo ce ke takowa wurina, cikin rana, ni ban taka Tsauni ba.

Da safe na nemi izini na sa fingi a kwando tare da sagara biyu mafiya kyau daga cikin 'ya'yan. Na isa Tsauni na sami Gwaggo tana tsinkar rama. Ta leƙa kwandon ta ce, "Ɗaya na ara miki. Waɗannan fa?"

Na ce, "'Ya'yanta ne. Inna, buɗe mana akurki."

Hannunta ya tsaya a kan ramar. Sannan ta goge fuska da bakin zanenta, ta miƙe ta ce in fara sa fingi, ita ta san wurin, sauran za su bi ta.