Gahawar Misku

In ka hau motar Jimma ka sauka a Gembeli ranar kasuwa, muryar Misku za ka fara ji kafin ka ga kowa. Tana can ƙarshen kasuwa bayan masu jakai, inda magina tukwane ke zama, ta jera jabanoninta na dafa gahawa, baƙaƙe masu dogon wuya, a kan busasshen ganyen ayaba, tana yi wa mai saye faɗa: "Ƙwanƙwasa ki ji mana! In ta tsage a wuta, ki dawo ki fasa min ita a ka."

Gajeruwa ce, ga faɗin kafaɗa saboda dakon yumɓu daga kwazazzabo, ga baki kamar reza. A wajen uwarta ta gaji ginin. Ita ke haƙo yumɓun, ta cuɗa shi da ƙafa, ta gina, ta goge da santsin dutse har ya yi sheƙi, sannan ta gasa da ciyawa da busasshen kashin shanu. Babu gidan da ba a dafa gahawa da jabanarta a garin nan. Amma mutanenmu, Allah ya shirye mu, su sha a abin da hannun magini ya gina, su ƙi sha a abin da ya taɓa bakinsa. In maƙwabta suka kira gahawar hantsi ana kiran Misku, ba a ƙi ba, sai dai daga bakin ƙofa take zama, finjalinta daban. Gidanta kuwa ba mai shiga ya sha. Liman ya yi wa'azi har ya gaji, a gyaɗa kai a masallaci, a koma gida a ci gaba da halin.

Mijinta ya rasu ya bar mata ɗa guda, Bediru, da 'yan itatuwan gahawa a ƙarƙashin manyan bishiyoyin bayan gida. Da su da yumɓu ta riƙe yaron a makaranta har ya zama malami a Jimma. A can ya ga wata Najat, ita ma ta gan shi. Bai ɓoye mata ko ɗan waye shi ba, ita ma ba ta ɓoye wa mahaifinta ba. Mahaifin, wani tsohon tela da ake kira Abba Sambi, bai ce i ba, bai ce a'a ba. Cewa ya yi zai zo da ƙafarsa ya ga gidan tukuna.

Kowa ya san abin da wannan ke nufi. In ya zauna ya sha gahawar gidan, ya ba da 'yarsa ke nan. In ya tashi ya bar ta tana hucewa, magana ta mutu, ba sai an faɗa ba.

Ana gobe zai zo, maƙwabciyarta Rawuda ta leƙo ta kan shinge. "Maman Bediru, ki ji shawara. Kwashe tarkacen nan ki kai cikin gona. Ya sani dai ya sani, amma ba sai ya gani ba."

Misku ta ga kamar da gaskiya. Ta yi ta jidar tukwane da jabanoni tana ɓoyewa a gindin itatuwan gahawa, tana rufawa da ganye. Da ta gama ta tsaya ta dubi tsakar gidan, fayau, kamar gidan da aka yi ƙaura. Sai zuciya ta ɗebe ta.

"Kai, ni Misku! Abin da ya ciyar da ɗana shi zan ɓoye kamar kayan sata? Ai ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Ta koma ta kwaso su kaf, ta jera a bakin ƙofa, manyan a gaba. Rawuda ta ce, "Ke dai taurin kanki zai ja wa yaron nan." Misku ta ce, "Naki laushin kan me ya ja miki?"

Lokacin tsinkar gahawa ne, garin duk ya yi ja da nunannun 'ya'yanta. Kowane fili an kafa gadajen shanya, mata na juya 'ya'yan da hannu, ƙudan zuma na bi. Da hantsi motar Jimma ta iso da laka har gilashi. Abba Sambi ya sauko, dogo siriri da sanda, Bediru na biye da shi da jaka, kai a sunkuye. Tsohon ba ya sauri. Ya tsaya ya gaida masu shanya, ya tambayi yabanya, ya ɗebi 'ya'yan ya shinshina. Ta kowane shinge akwai ido.

A bakin ƙofa ya dubi jabanonin, ya cire takalmi ya shiga. Misku ta riga ta baza ɗanyar ciyawa a ƙasa, turare na tashi. Ta wanke 'ya'yan gahawar gonarta, ta soya a gabansa har suka yi baƙi suna maiƙo, ta miƙa masa kaskon ya jawo hayaƙin da hannu ya ce madalla. Ta daka, ta zuba a jabana, ta ɗora a garwashi. Ta tsuguna tana fifita wutar. Da ta tafasa ta sauke, ta bari ta kwanta, ta jefa ɗan gishiri a finjali yadda muke sha a nan, ta tsiyaya daga sama, ta ajiye a gabansa da hannu biyu.

Ya ce bismillah. Ya kai hannu, sai ya tsaya, ya ɗebi guggurun da ta ajiye masa a gefe.

Ya yi hirar hanya, yadda ruwa ya cinye ta. Ya yi hirar tsadar zare. Ya yabi Bediru, ya ce yaro ne mai kunya. Finjali na nan, tururinsa na raguwa. Misku na amsawa da "haka ne, haka ne", idonta na kan finjalin. Bediru a bakin ƙofa ya yi tsuru-tsuru, gumi na bin wuyansa. Har tururin ya ɗauke gaba ɗaya.

Abin ya yi mata ciwo, ciwon da bai taɓa yi mata ba a duk zaman bakin ƙofar da ta yi. Nata ta saba. Na ɗanta ne ba za ta iya haɗiyewa ba.

"Abba Sambi," ta ce, "da ka yi zamanka a Jimma ka aiko da a'a, da ya fi mana sauƙi."

"Inna, don Allah," in ji Bediru.

"Yi min shiru! Ka hau duwatsun nan duka don ka nuna wa gari ba ka shan na magina? Ai sun sani, su suka fara. To duba, ba guba a ciki." Ta sure finjalin ta kurɓi rabi, ta dangwarar a gabansa. "Yaron nan bai taɓa yumɓu ba tun da ya shiga makaranta. In laifi ne nawa ne. Hannayena ne, ga su."

Tsohon ya buɗe baki yana kallonta. Can ya dafe kai.

"Subhanallahi! Baiwar Allah, gishirin ne."

"Wane gishiri?"

"Wanda kika jefa. Hawan jini gare ni, likita ya hana ni. Najat har bakin mota ta biyo ni tana min kashedi, ko a miya ba ta bari in gani. Tun ɗazu nake neman yadda zan ce a sake min wani, kunya ta hana ni. Yaya baƙo zai zo gidan mutane ran farko ya fara gyara wa uwar gida gahawa?"

Misku ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta juya kan Bediru, da yake shi ne mai sauƙin kamawa. "Kai kuma kana zaune kamar turmi, ba za ka faɗa min ba?"

"Wallahi na manta, Inna."

"Ka manta! Malamin makaranta!" Ta rarumo wani finjalin tana goge shi da gefen mayafi, ba ta iya ɗaga ido. "Ka yi haƙuri, Abba Sambi. Bakin nan nawa shi zai kai ni ya baro. Bari in zuba maka wani, mai zafi, ba gishiri."

"Zuba, zan sha," ya ce. "Amma bari in gama da na farko, ba a tsallake shi."

Ya ɗauki finjalin nan da ta sha ta rage, mai sanyi, mai gishiri, ya kafa baki ya shanye har ƙasa. Ya ajiye, ya goge gemu.

"Kai Bediru, in ka gaya wa matarka na sha gishiri, ni da kai ne."

Matarka, ya ce. Misku ta ɗaga jabana za ta tsiyaya na biyu, hawaye ya rufe mata ido, ta zuba rabi a kan ciyawa. Tsohon ya matso da finjalin daidai bakin jabanar, ya riƙe mata har ya cika.