Ranar da Baffa Ya Raka Ni Intabiyu

Idan yaran garinmu suka gama bautar ƙasa suka dawo gida da fayil a hammata, wasunsu kan biyo ta wurina neman shawara, tunda yanzu ni ma furfura ta fara leƙo min a haɓa. Ina gaya musu abin da kowa yake gaya musu: kada takardar bayanin kai ta wuce shafi biyu, a sa lambar wayar da take shiga, a san abin da kamfani yake yi kafin a je masa. Amma kafin duk wannan, abin da nake fara cewa shi ne, "Ranar intabiyu, kai kaɗai za ka je." Sai su tuntsire da dariya, suna zaton zolaya ce. Wallahi ba zolaya ba ce. Ni da Baffana muka je tawa ta farko.

Baffa yayan mahaifina ne, shi ya riƙe mu ni da Inna bayan rasuwar babanmu. Ƙauyenmu yana tsakanin Kura da Bunkure, a bakin babban kanal, inda ruwa ba ya yankewa ko da rani. Baffa manomi ne kamar kowa, shinkafa da damina, tumatir da albasa da rani, amma ba da noma ya yi suna ba. Da baki ya yi suna. A wurinmu mutum ba ya nema wa kansa abu mai girma. Neman aure ne, aron gona ne, ko rigimar wanda ya karkatar da ruwa gonarsa ranar da ba layinsa ba, sai ka sami babba ya je ya yi magana, kai kana gefe kanka a ƙasa. A unguwarmu kuwa babban nan Baffa ne. Zai zura farar babbar rigarsa, ya je ya zauna, ya ja gaisuwa har mai fushi ya manta abin da ya fusata shi, sannan ya shigo da maganar a hankali. Ban taɓa jin an ce ya je ya dawo hannu biyu ba. Ina yaro nakan bi shi don kawai in saurara, kuma har yau ina kewar muryar nan tasa mai sanyi.

Aikin gona na karanta a jami'a. Na gama, na yi bautar ƙasa, na dawo gida na zauna fiye da shekara ba aiki. Kullum da safe in hau adaidaita zuwa Kura, in shiga shagon intanet in tura takardun neman aiki, in dawo in taya Baffa ban ruwa da yamma. Abokan wasa kuwa sun samu nama. Da sun hango ni a kan kunya sai ka ji, "Malam mai digiri, a miƙo maka fartanya ko biro?" In yi yaƙe, amma raina a ɓace, don ni tun asali ba ni da sanyin zuciya. Inna ba ta taɓa ce min komai ba, shirun nata ma ya fi damuna.

Ran nan sai ga saƙo a waya. Wani kamfanin sayar da iri da taki a Kano yana neman malaman gona, kuma sun kira ni intabiyu. Da gudu na tafi gona. Na tarar da Baffa a cikin fangali, wando a naɗe har gwiwa, na karanta masa. Ya ɗaga hannu ya yi hamdala, sannan ya ce, "To, ran yaushe za mu tafi?"

Za mu? Na so in ce ni kaɗai ake so. Amma ta ina zan fara ce wa Baffa ya zauna a gida? Na koma na yi wa Inna ƙorafi, ko za ta yi masa magana. Ta dube ni ta ce, "Kai ma dai! Wa ka taɓa gani ya je neman abu mai girma shi kaɗai, kamar marar dangi?" Shi ke nan, na haƙura.

Ranar ta faɗo daidai da layinsa na ban ruwa, amma ya bar wa maƙwabci amanar gonar. Ya sa farar rigar, ta sha guga, ya fesa turare, ya sa ƙullin goro a aljihu. Muka tari mota a bakin titin Zariya. Da muka shiga ɗakin jira na kamfanin, samarin da suke zaune da nekitai duk suka miƙe suna gaishe shi, sun ɗauka ɗaya daga cikin manyan wurin ne. Shi kuwa ya amsa da fara'a, har yana sa musu albarka.

Aka kira sunana. Kafin in gama miƙewa Baffa ya riga ni ƙofa. Yarinyar da take kiran suna ta ce, "Baba, shi kaɗai ake so." Ya ce, "'Yata, ai tare muke," ya tuɓe takalmansa ya yi sallama ya shige.

Mutum uku ne a bayan tebur, wata mata mai tabarau a tsakiya, da maza biyu. Kujera ɗaya ce a gabansu. Baffa ya zauna a kai, ni kuma na durƙusa a kan kafet. To me zan yi? In hau kujera Baffa yana tsaye? Ya fara: ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya aiki, yaya aka ji da zafin nan. Ɗaya bayan ɗaya ya bi su, babu wanda ya tsallake. Suna amsawa suna kallon juna.

Da ya numfasa, matar ta juyo gare ni ta ce da Turanci in ba su bayanin kaina. Na buɗe baki ke nan Baffa ya ce, "Me ta ce?" Na fassara masa. Ya gyara zama ya ce, "Madalla, abin da ya kawo ni ke nan."

Tabɗi! Ya faro daga kakana. Ya faɗi gidan da na fito, ya ce ban taɓa ɗaukar abin wani ba, ba na shan taba, ba a tashina salla. Sannan ya ce, "Ba zan ɓoye muku ba, tunda zama za ku yi da shi, yana da zuciya. Amma ba ya riƙo." Ɗaya daga cikin mazan ya rufe baki da takarda, kafaɗarsa tana rawa. Ni kuwa ji nake da ƙasa za ta tsage da na shige. Baffa ya rufe da cewa, "Ga shi nan mun kawo muku amana," ya zaro goro ya ajiye a kan tebur.

Matar nan tana da kirki, ba zan ci haƙƙinta ba. Da Hausa ta ce, "Baba, mun gode ƙwarai. A ba mu shi na ɗan lokaci." Ya fita yana murmushi, ya gama aikinsa.

Suka ce in hau kujera. Na hau, amma idona yana kan kafet, don haka aka tarbiyyantar da ni. Aka ce ko na iya gane cututtukan tumatir? Na ce, "Ana ɗan taɓawa." Ni da na tashi a cikin tumatir! Aka ce me ya sa za su ɗauke ni su bar sauran? Na ce, "Sai dai abin da kuka gani." Matar ta cire tabarau ta ce, "Malam, aikin nan magana ce da manoma daga safe har yamma. Idan ba ka iya yi wa kanka magana ba, wa zai yi wa kayanmu?" Tun a nan na san aikin ya tafi.

Muka hau mota muka kamo hanyar gida. Muka sauka muka kama bakin kanal a ƙafa, rana ta take. Baffa yana gaba yana jin daɗi, ya waiwayo ya ce, "Na ga alama sun gamsu. Mai tabarau ɗin nan 'yar mutunci ce."

Nan zuciyar da ya ba su labari ta tashi. Na ce, "Gamsuwar me, Baffa? Ka kashe min aiki! Aure na je nema da za ka kai musu goro? Can ba zauren dagaci ba ne. Dariya suke yi mana, dariya! Zamaninku ya wuce, ku bar mu mu yi namu."

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Ya tsaya cak. Bai kalle ni ba, ruwan kanal ya kalla. Can ya ce, "To." Ya tuɓe babbar rigar ya saɓa a kafaɗa, ya ratse ya nufi gona. Na tsaya a wurin, kunya ta rufe ni tun kafin fushin ya gama sauka.

Inna ta wanke ni tas da ta ji. Na je na durƙusa na ba shi haƙuri, ya ce, "Ba komai," irin ba komai ɗin da ka san akwai komai. In na gaishe shi zai amsa, daga nan ba ƙari. Kamfanin kuwa ko saƙon ban haƙuri ba su turo ba. Haka muka ci watanni, ga rashin aiki, ga rashin hirar Baffa.

Ana tsakiyar ɗiban tumatir wata ƙungiya da take aiki da manoman shinkafa ta kira ni intabiyu. Inna kaɗai na gaya wa, na ce ta rufa min asiri. Ina! Kafin la'asar Baffa ya aiko in same shi a bakin gona. Na tarar ya kife kwanduna biyu suna fuskantar juna, yana zaune a kan ɗaya.

Ya ce, "Zauna a nan." Na nufi ƙasa. Ya ce, "A kan kwandon na ce."

Na ɗosana. Ya ce tun bayan wancan abin ya je Kura wurin wani tsohon hedimasta ya tambaye shi yadda ake neman aikin boko. Baffa, wanda gari guda yake zuwa tambaya, shi ya wanke ƙafa ya je tambaya saboda ni. Ya ce, "An ce a can sai ka kalli mutum cikin ido ka yabi kanka da bakinka. Ni dai ban taɓa jin rashin kunya irin wannan ba. Amma tunda haka suke so, bismilla. Ni ne mai tabarau. Ɗago kanka."

Da ƙyar na ɗago. Tun da na yi wayo ban taɓa kallon fuskar Baffa sosai ba sai ranar, kuma sai na ga ashe ya tsufa. Ya ce, "Me ka iya?"

Na ce, "Ana ɗan..."

Ya ce, "Ka sake ce min ana taɓawa, sai na tura ka cikin kanal ɗin nan da takardunka."

Dariya ta ƙwace min, shi ma ya murmusa, karo na farko a watanni. Ya ce, "Wa ya fara ganin tsutsar nan a bayan ganyen tumatir bara, ya ce mu yi feshi kafin ta ci gonar? Wa ya daidaita mana fangalan ƙasa da ruwa yake kwanciya a ciki? Wa ya hana ni zuba taki ranar da za a saki ruwa da yawa?" Duk na ce ni ne. Ya ce, "To faɗi da bakinka, ina ji. Kuma kada ka yi sauri, ba kora ake yi ba. Ka gaishe su tukuna, amma sau ɗaya, tunda an ce ba sa son ta da tsawo."

Yamma huɗu muka yi a kan kwandunan nan. Masu wucewa da kaya a ka su tsaya suna kallo, suna tambaya ko shari'a ake yi. Duk lokacin da idona ya sauka sai ya buga sanda a ƙasa. In na faɗi abin da ban iya ba don in burge shi, ya ce, "A'a, wannan ƙarya ce, cire ta. Yabon kai aka ce, ba a ce ƙarya ba." Duk shawarwarin da na karanta a waya, babu wadda ta kai min yammacin nan huɗu.

Ranar tafiya ko bakin titi bai raka ni ba. Daga ƙofar gida ya yi min addu'a ya juya. Na shiga ɗakin ni kaɗai, na hau kujera, na kalli mutanen, na faɗi abin da na iya a hankali. Bayan mako biyu suka kira ni in je in karɓi takardar kama aiki.

Daga mota ban biya gida ba, gona na wuce da takardar a hannu. Layin ruwansa ne ranar, na same shi yana buɗe wa fangali baki. Na gaya masa. Ya yi hamdala har sau uku, ya sa min albarka. Sannan ya dogara da ƙotar fartanya ya ce, "Tsakani da Allah, wa ya yi maka magana a can?"

Na ce, "Ba kowa, Baffa. Ni na yi."

"Kai kaɗai, har suka yarda?"

"Har suka yarda."

Ya daɗe yana gyaɗa kai. Can ya yi 'yar dariya ya ce, "To, ashe an gama da mu."

Na so in ce masa ba haka ba ne, amma takardar tana hannuna, kuma shi ba a yi masa ƙarya. Ban taɓa samun abin da nake so na ji zuciyata ta karye irin ta ranar ba. Ya juya min baya, ya sunkuya yana gyara bakin ruwan da ya riga ya gyara.