Ƙirgen Tsumma a Kan Igiya

A ranar, mu huɗu ne a ɗakin 'yata Rabi a Kuchigoro: ni, da ita, da mijinta Sale, da jaririnsu ɗan wata uku da ya kwana biyu ba ya kama nono sosai. Rabi sai kuka. Sale ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, ko a ɗura masa kunu?"

Na ce, "Ba mai ɗura wa jikana komai."

Na leƙa waje. Da na hango igiyar shanya sai marigayiya uwar mijina ta faɗo mini a rai. Sa'ad da Rabi ta yi mini haka tana jaririya, sai tsohuwar ta nufi igiya, zaninta na ƙamshin daddawa, tana ƙirga tsummokin fitsari. Ta ce, "Shida. Mai jiƙa shida a yini ba yunwa yake ji ba. Jariri ba buhu ba ne, yarinya."

Na ƙirga na jikana, bakwai, kuma ba zazzaɓi. Kafin la'asar ya kama nono har da gurnani.

Allah ya haskaka kabarinta, ya shayar da ita ruwan Alkausara. Washegari na soya ƙosai, na rabar da su sadaka dominta.