Shamuwar Tsamiyar Kakata

Abin da na fara gani da muka isa ƙauyen kakata shi ne shamuwa biyu tsaye a bakin sheƙarsu a kan tsamiya, suna gyaran gashi, babu abin da ya dame su. Na ce a raina, da ma kun tashi. Ku 'yan ajinmu kun ishe ni da tambaya tun da na dawo, ni kuwa kun san bakina ba ya buɗewa a cikin mutane, shi ya sa na rubuta muku.

Ni na jawo tafiyar. Mushe, malamin ajinmu, ya ce kowa ya rubuta labarin tsuntsun da ya sani. Na rubuta na shamuwar da ke sauka kowace bazara a tsamiyar gidan Kaka, can gindin duwatsu kusa da Lugu. Rubutun ya yi wa Mushe daɗi har ya nuna wa wani Bature da ya sauka gidan kumandan, Baturen mulkin garinmu, mai yawon neman tsuntsaye. Baturen ya ce sai ya je. Kwana uku Mushe yana kirana yana tambaya, ina za a sami ruwa a hanya, ina za a kwana, wane lokaci tsuntsayen ke zama a sheƙa. Aka tsayar da Asabar da Lahadi, aka nemi izinin babana, aka ce ni ce mai nuna hanya.

Kun san gaurakar nan da ke saman akwatin littattafai a ajinmu, wadda aka cusa wa auduga, idonta na kwalba, an ɗaura mata takarda a ƙafa da sunan garin da aka harbe ta. Iyakar abin da na sani ke nan game da Bature da tsuntsu. A wajenmu kuwa ba a taɓa shamuwa, ko kora ba a yi mata, don ita ke janyo damina. In aka harbe ta a gidan Kaka, ruwa kuma ya yi jinkiri, ba Bature za a ambata ba, tunda shi ya tafi abinsa. Kaka za a ambata, da jikarta da ta je lakwal, makarantar boko, ta kai labari.

Mun tashi daga Dogon Dutsi da asuba. Bature da Mushe suna gaba wajen direba, ni da gardi, ɗan sandan kumandan mai jar hula, muna baya cikin kaya. Gardin yana da bindigarsa, wannan na saba gani. Abin da ya hana ni sakewa wani dogon akwati ne na fata mai maɗauri biyu, wanda Baturen ya hana kowa ɗauka, shi ya kwantar da shi da hannunsa a kan bargo. Na auna shi da ido, ya kai daga ƙafata zuwa ƙirjina.

Hanya rairayi ce zalla. Manoma suna sassabe, hayaƙin kara yana tashi nan da can, duk wanda ya hango jar hula sai ya sunkuya kamar ya yar da allura. Sau biyu mota tana kafewa, sau biyu Mushe yana fitowa turi da farin wandonsa, har wandon ya koma launin ƙasa. A wata rijiya muka tarar da Fulani suna shayar da shanu, carki yana bin bayansu yana cire kaska. Baturen ya tsaya kallon carkin har direba ya yi gyangyaɗi. Wata Bafillatana ta dama mana fura da nono, ta dube ni ta ce, "Ɗiya, ba ki da lafiya ne?" Na ce lafiya lau. Furar ma kurɓi biyu na yi.

Kaka tana tsakar gida tana tsinke zogale muka yi sallama. Tana yarinya Nasara suka ƙone garuruwan wajen nan, ta ɓuya cikin duwatsu, har yau ba ta son ƙarar mota. Ta amsa gaisuwar Mushe, ta kawo ruwa, sannan ta ja ni gefe.

"Ke 'yar lakwal, mi kinka jawo mini?"

Mutanen gari sun taru bayan danga suna leƙe.

Da la'asar Baturen ya ɗauko akwatin, ya ajiye shi daura da tsamiya, ya fara kwance maɗaurin. Ban san lokacin da na tashi ba. Sai ga ni a gindin tsamiyar, bayana jingine da ita, ina fuskantarsa. Mushe ya ce in kauce, na yi kamar ban ji ba. Baturen ya zaro wasu ƙafafu uku na katako ya kafa su, ya ɗora wani bututu mai gilashi a baki, ya kanne ido ɗaya ya leƙa. Na rufe nawa idon ina jiran ƙara. Abin da ya zo ba ƙara ba ce, wani abu ne mai ɗumi ya faɗo mini a ka daga sama, ya gangaro har kafaɗar rigata.

Kaka ce ta fara dariya. "To, ga tukuicin gadinki, shamuwa ta biya ki!"

Ashe madubin hangen nesa ne. Mushe ya yi wa mutane bayani, aka fara zagayowa ta ƙofa. Baturen ya yafito Kaka ta leƙa. Ta ƙi, ta sake ƙi, sannan ta gyara zane ta sunkuya. Ta daɗe a haka.

"La ilaha! Tun ina amarya muke gida guda da ita, ban san tana shafa shuni ga fuska ba. Har da lalle ga gwiwa!"

Ni ma na leƙa. Gaskiya ne, fuskarta shuɗiya, gefen idonta ja, gwiwarta ja, kuma da ta juyo sai na ga kamar ni take kallo. Bindigar gardi kuwa tana jingine da rumbu, mai ita yana minshari a inuwa. Daren nan na ci tuwon gero da kwaɗon zogale har Kaka ta ce ko a lakwal ba a ba mu abinci.

Ranar Lahadi da sassafe muka hau dutse. Mun ga kazar dutse tana gudu tsakanin duwatsu da wutsiya a sama, mun ga hazbiya a bakin kogo, da shaho yana shawagi ƙasa da inda muke tsaye, abin da ban taɓa zaton gani ba. Kowanne Baturen ya gani sai ya zana shi a ɗan littafinsa, ya tambaye ni sunansa da Hausa, ya rubuta. Da muka sauko gajimare ya taso daga gabas. Kaka ta dube shi, ta dubi tsamiya, ta sa mini ƙuli-ƙuli a bakin zane.

Mun iso gida da magariba. A hanya na yi ta tunani. Na ɗauka duk Bature mai neman tsuntsu maharbi ne, na yi kuskure. Amma gaurakar ajinmu ma ai wani ne ya fara ba da labarinta. Na koyi cewa abin da ka sa a takarda yana zuwa inda ƙafarka ba ta je ba, kuma ba ka san hannun wa zai faɗa ba.

A ƙofar lakwal Baturen ya buɗe littafin ya nuna mini zanen shamuwar. A ƙarƙashinsa ya rubuta sunan ƙauyenmu. Ban taɓa yi wa Bature magana ba, amma na haɗa Faransancin da nake da shi na yi. Ya dube ni, ya dubi Mushe, sannan ya sa fensir ya soke kalmar har ba ta karantuwa. Abin da na ce masa shi ne, "Don Allah ka bar hotonta, amma ka cire sunan garin. Mai zuwa bayanka ban san abin da ke cikin akwatinsa ba."